Rumana ta ɓace a gefen gonakinmu, ko cigiya ba mu yi ba

Yau babu siyasa a bakina, masu jira in taɓo rikicin masarautu ko na jam'iyya su yi haƙuri sai wani jiƙon. Maganar wata ciyawa na zo da ita. E, ciyawa. Rubutun da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Asabar ɗin da ta wuce na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye a kan hanyar Karaye zuwa Rogo. Da zan dawo sai na tsayar da babur a wani wuri da muka yi kiwon awaki muna yara, gefen wani kwari da ruwa ke bi ya gangara rafi. A zamaninmu, daga tsakiyar watan takwas zuwa watan tara, wurin nan ja yake yi da furen rumana, tun daga kan hanya kana hango shi. Na sauka na zaga ya fi minti talatin. Masara ce har bakin kwarin, ƙarƙashinta fes kamar an share tsakar gida, iyakar gonar kuma ciyawa ta ƙone ƙurmus saboda feshi. Ko tushe ɗaya ban gani ba.

Wani yaro da bai wuce shekara 15 ba ya zo wucewa goye da jarkar feshi. Na ce, "Samari, ka san rumana?" Ya ɗan yi jim, ya ce, "Baba, 'yar gidan wa ce?"

Na yi dariya a wurin, amma wallahi har na iso gida abin yana cina. Yaron ba shi da laifi. Abin da bai taɓa gani ba, ina zai san sunansa?

Ga waɗanda ba su san ta ba: ganyenta dogo ne siriri mai tsini kamar takobi, suna fitowa a jere kamar mafici. Daga tsakiya kara ɗaya ke miƙewa, wani ya kai ƙugun babban mutum, wani ma ya wuce, furanni su jeru a jikinsa suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Launinsu ja ne da ya sirka da ruwan goro, cikin furen kuma ruwan ɗorawa, samansa ya ranƙwafo kamar mace ta ja mayafi. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki ba sa rabuwa da shi. Akwai wata 'yar'uwarta gajeruwa mai ƙananan furanni ruwan shunayya. Babbar ita ce wasu ke ce wa rumanan doki. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna tono ƙwallon da ke gindinta don ciwon ciki da atini. Sunan ma ba na yau ba ne: wani likita Bature mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a littafi tun 1916, kuma rumana tana ciki.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne yadda take yi da rani. A ƙarƙashin ƙasa tana da wani ƙwallo kamar goro babba, lulluɓe da zare-zare kamar raga. Ba kamar albasa yake ba mai ɓawo a kan ɓawo. A dunƙule yake, cike da abinci. Da ruwan fari ya sauka sai ƙwallon ya farka ya turo ganye. Ganyen nan shi ke aiki duk damina yana tara abinci, har a gina sabon ƙwallo a saman tsohon, tsohon kuma ya motse ya mutu. A gefen sabon sai ƙananan 'ya'ya su fito kamar ƙwayar dawa. Da kaka ta yi, ganye ya bushe, shi ke nan ta kwanta barci. Hunturu ya zo ya wuce, gobarar daji ta bi ta kanta, bazara ta gasa ƙasa har ta tsage, wata bakwai ko ɗigon ruwa babu, ita tana ƙasa abinta. Ba ta kokawa da fari, kauce masa take yi.

Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, an ci abin da ba a saba ci ba. Ni kuwa kiwon da nake ba ku labari bayan 1984 na yi shi, kuma kwarin nan cike yake da rumana. Ke nan abin da fari biyu suka kasa, mu mun yi shi cikin shekarun da ba su taka kara sun karya ba.

Ta yaya? Na farko feshi. Maganin ciyawa iri biyu ne a hannun manomanmu: mai ƙone ganye nan take, da mai bin jijiya ya kashe har saiwa. Mai bin jijiya ba sai an yi bayani ba. Mai ƙone ganyen ma, in ya same ta a farkon damina, ta riga ta kashe abincin tsohon ƙwallo wajen turo ganye, ga shi an ƙone ganyen kafin ya gina sabo. Bana ta rame, baɗi ta ƙara ramewa, shekara ta uku babu ita. Kuma mai feshi ba ya tsayawa a kunyar ƙarshe, sai ya bi iyaka da gefen hanya, wai kada ciyawa ta shigo.

Sannan ƙasa ta daina hutawa. A da akwai saura, akwai burtali mai faɗi, akwai makiyaya. Yanzu gado ake rabawa, gonar mutum ɗaya ta zama ta mutum tara, kowa sai ya noma har bakin iyaka. Fadamun Rogo rake da shinkafa sun cinye su. Tun da aka gama dam ɗin Challawa a 1992 noman rani ya samu gindin zama a yankinmu, kuma alheri ne, ba na musu. Sai dai garmar shanu da ta tarakta in ta bi wuri, fito da ƙwallon take yi sama, rana ta gasa shi. Ragowar da ta tsira a gefen duwatsu kuma masu tonon magani su kwashe buhu-buhu a kai birni, ba mai barin ko 'ya'yan a rami.

Yau in kana neman rumana a ƙasar Karaye, je ka tsohuwar maƙabarta ko gindin dutsen da garma ba ta hawa. Matattu ne suka riƙe mana ita.

Ni dai shekara huɗu ke nan da na fara gwada shuka ta a gida, kuma farkon abin kunya na sha. Wani abokina zai sa tarakta a wata saura da ya saya, na roƙe shi ya bar ni in tone abin da na gani kafin a shiga. Na samu ƙwallo goma sha ɗaya, na binne a bayan ɗaki. Da rani ya yi na ga wurin ya bushe, tausayi ya kama ni, na sa yara suna zuba mata ruwan alwala safe da yamma. Da damina ta zo uku kacal suka fito. Na tona sauran, sun ruɓe sun zama kamar dafaffen dankali. Na je na ba wani dattijo mai sayar da magani a kasuwa labari, ya kalle ni ya ce, "Malam, kai in kana barci aka kwara maka ruwa, daɗi kake ji?" Karatun da ban samu a aji ba ke nan.

Kafin nan ma akwai wata. Ashe ganin ina tone-tone a bayan ɗaki da magariba, magana ta zaga unguwa wai gadali na dasa, takarar kansila nake nema. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, kai da ake ganinka da ilimi. Me ka binne?" Na ce, "Inna, wallahi fure ne." Ta ce, "Fure? A ci ko a sha?" Ban da amsa a ranar. Sai da watan tara ya zo, ukun nan suka yi fure, na aika aka kira ta. Ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce, "La ilaha illallahu, rumana ce! Rabona da ita tun ina amarya." Ta zauna a kan turmi ta ba ni labarin yadda suke tsinko ta a hanyar rafi suna soka wa a kitso. Da za ta tafi sai da ta ce in an tone a ajiye mata guda biyu.

Wannan zargin gadalin ba abin dariya ba ne kawai. Ya nuna inda muka tsaya. A wurinmu duk abin da mutum ya shuka wanda ba a ci, ba a sayarwa, to ko dai tsafi ne ko kuma taɓin hankali. Amma a sayo shi a baƙar leda a bakin titi a Kano, a kira shi fulawa, nan take ya zama wayewa. Namu ciyawa, na leda fulawa.

To ku ji inda abin yake da ciwo. Rumana tamu ta Hausa, masana tsirrai suna kiranta Gladiolus dalenii, kuma tana fitowa daga Senigal har Habasha, har Afirka ta Kudu. Kalmar farko ta Latin ce, ma'anarta ƙaramin takobi, kun ga su ma ganyen suka duba. Ta biyun sunan wani mai kula da lambun tsirrai ne a birnin Rotadam na ƙasar Holan, wanda aka laƙaba mata a 1829. Kada wani ya ce na ce daga Karaye suka ɗauka, a'a, daga yankin Natal na Afirka ta Kudu aka kai musu, amma iri ɗaya ce da tamu. A 1837 wani mai aikin lambu a Beljiyam ya yi mata aure da wata 'yar'uwarta, daga nan aka samu tushen manyan furannin gladiyolas da ake nomawa a gonaki a Turai da Amurka da Indiya, ana yanka ana sayarwa a kasuwannin duniya har gobe. Wato kaka tana nan gefen gonarmu muna fesa mata guba, jikokinta suna can ana canjin su da Yuro.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don haka bari in riga ku. "Malam, mutane na fama da kuɗin taki da na mudu, kai kana maganar fure." Gaskiya ne, kuma ni ma manomi ne, ni ma ina feshi. Wanda ya san kuɗin 'yan ƙwadago a noman farko da maimai ba zai ce wa talaka ya ajiye jarka ya koma fartanya ba. Ban ce a daina ba. Abin da nake cewa, rumana ba ta cin gonar kowa. Ba ta yaɗo, ba ta shaƙe masara kamar ƙuduji, ba ta neman taki, ba ta neman ban ruwa. Taku biyu a kan iyaka ya ishe ta, wurin da dama ba a shuka komai. Ɗaga hannu daga kan famfon jarka in an zo iyaka, ko sisi ba ya ci, maganin ma ya rage maka. In da tsada ce ta hana, da na yi shiru. Rashin kula ne kawai.

Kuma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Ina rawaya? Wadda a tsakiyar rani, bayan wuta ta cinye daji, za ka ga fure ruwan ɗorawa shar ya fito daga baƙar ƙasa ko ganye babu. Da saiwarta ake rini, da ita ake maganin shawara, har sunanta ya zama sunan launi a bakin Bahaushe. Yau yaro zai ce maka riga rawaya, bai san akwai wata tsiro mai wannan suna ba. Ina hatsin manoma, farin furen nan da ke fitowa da ruwan farko? Ina albasar kwaɗi a bakin fadama? Kowace da lokacinta, kuma da su tsofaffi ke karanta shekara kafin a fara jin hasashen ruwa a rediyo.

Ana ta shirye-shiryen yaƙi da hamada. Ga shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano na ciki. Madalla. Amma in aka ce gyaran ƙasa, tunaninmu ba ya wuce darbejiya da turare, alhali darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare daga Ostireliya. Ba na ƙin su, a inuwar darbejiya nake wannan rubutu. Shawarata ga masu ruwa da tsaki ita ce a tuna daji ba itace kaɗai ba ne, akwai abin da ke ƙarƙashin itacen. Duk wurin renon dashe da za a kafa a Karaye ko Rogo, a ware kunya biyu ga irin namu na ƙasa. Makarantun firamare kuma, da ake kai musu fulawar da ke mutuwa kafin watan uku saboda babu mai ɗebo mata ruwa, me zai hana a ba su abin da rani bai dame shi ba? Yara su shuka a watan shida, su dawo daga dogon hutu su tarar da fure. Dagatai da masu unguwanni ma in suka ce kada a yi feshi a maƙabarta da burtali, za a ji.

Wanda yake son gwadawa a gida, ga abin da na koya bayan asarar da na yi. Don Allah kada a je daji a tono, wannan ƙarasa ta ne. Sai fa in wuri ne da ka tabbata garma za ta shiga. Iri ya fi. Bayan fure ya zube, wani ɗan kwanso ke fitowa, in ya bushe sai ya tsage gida uku. A ciki akwai iri fala-fala ruwan ƙasa, marar nauyi kamar ɓawon albasa, iska kaɗan ta kwashe shi. Yanzu ne lokacinsa, daga ƙarshen watan tara zuwa watan goma. Ka ɗebi rabi ka bar wa wurin rabi. A ajiye a ambulan ko ƙullin takarda, ban da leda, gumi yake yi ya yi fumfuna.

In damina ta zauna, ba ruwan farko mai yaudara ba, sai a samu ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, a haɗa da tsohon takin gida kaɗan, a barbaɗa irin a rufe da ƙasa sama-sama. Nawa ya yi kamar sati uku zuwa huɗu kafin ya tsiro. A nan ne haɗarin yake: shekarar farko ganye ɗaya tak take fitarwa, siriri, ba ka bambanta shi da ciyawa. Uwargida ta taɓa cire min rabin kunya da sunan taimako, ranar sai da aka ba ni haƙuri da fura. A kafa alama, a gaya wa mutanen gida. A kewaye da ƙaya ko kara saboda awaki da kaji, a kuma sa ido kan gafiya, tana son ƙwallon.

Da ganye ya fara ja da baya a kaka, a janye hannu. Kada a yanke shi sai ya bushe da kansa, kada a zuba ruwa har wata damina. In ana tsoron gafiya ko wurin yana samun ruwan wanke-wanke, a tone a zuba a busasshen yashi cikin tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa. Ƙwallon shekarar farko bai fi ƙwayar wake ba. Wajen mayarwa, babba a binne shi zurfin yatsu huɗu zuwa biyar, tsinin yana kallon sama, tazarar taƙi ɗaya. Ƙananan kuma kusa da sama. Wanda aka shuka daga ƙwallo babba yakan yi fure a daminar. Na iri kuwa sai an yi haƙuri, nawa sai a damina ta uku, wato bana, suka yi. Hoton da ke ƙasa su ne. Guda goma sha tara na ƙirga da safen nan.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Ni ba mai magani ba ne, ban ce kowa ya tafasa wani abu ya sha ba. Musamman akwai baurere, wadda wasu ke ce wa gatarin kurege, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta, tana kama ciyawa da bakin ganyenta tana hawa. Kyakkyawa ce ƙwarai, ita ce ma furen ƙasar Zimbabuwe, amma saiwarta guba ce mai kisa. Gidan da ke da ƙananan yara a yi nesa da ita.

Yanzu ga roƙona. Mutanen Zarewa, Fulatan, Beli, Ruwan Bago, da na Yammedi, Turawa, Kurugu, har maƙwabtanmu na Maƙarfi da Ɗanja da Ƙafur: duk wanda ya san inda rumana ta rage, ko tushe biyu ne, kada ya tone. Ya ɗaura ɗan tsumma a karan don a gane wurin, ya ɗauki hoto ya turo min ta saƙo, kada ya faɗi wurin a fili saboda masu buhu. Ina son in haɗa iri daga wurare daban-daban, don nawa duk daga saura ɗaya suka fito. Ni kuma nan da sati uku in Allah Ya kai mu irin nawa zai bushe, zan ƙulla kamar ƙulli ashirin. Kyauta ne, malaman firamare su ne a gaba. Inna dai ta riga ta karɓi biyunta tun bara.